Raggon ido a wurin babba: me za ka saya, me za ka bari?

Sai da na kai shekara 34 na gane idona na hagu ɗan rakiya ne. An ce mu kawo takardar gwajin lafiya a wurin aiki. Ma'aikaciyar ta miƙo mini wani abu kamar ludayin roba, ta ce in rufe idon dama in karanta allon haruffan da ke jikin bango. Babban harafin sama na gani, layi na biyu ma na lallaɓa na karanta, daga nan sai hazo. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka daɗe da sanin haka?" Na ce wallahi yau na fara ji. Ta rubuta 6/6 a dama, wato cikakken gani, 6/36 a hagu. Gwargwadon girman lamba ta biyun, gwargwadon raunin idon.

Daga ranar na shiga neman magani, kuma na kashe kuɗi a inda ya dace da inda bai dace ba. Ga abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya mini tun farko.

Likitoci suna kiran abin ambiliyopiya, mu kuwa sai mu ce raggon ido. Ƙwayar idon galibi lafiyarta ƙalau, ƙwaƙwalwa ce ta yi watsi da shi tun ana yaro. Hanya uku yake zuwa: ko yaro yana da harara-garke, ko ido ɗaya yana buƙatar tabarau mai ƙarfi ɗayan bai buƙata, ko wani abu kamar yanar ido ya tare hasken tun yana jariri. Nawa na biyun ne, shi ya sa ba wanda ya lura, idanuna a miƙe suke sarai. Wajen mutum biyu zuwa uku cikin ɗari suna da shi. A shekarun 1960 wasu masu bincike, David Hubel da Torsten Wiesel, sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa, suka nuna cewa ƙwaƙwalwa tana ba idon da ke buɗe wurin na rufaffen, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1981. Daga nan maganar ta kafu cewa in yaro ya wuce shekara bakwai ko takwas, icen ya bushe, ba ya tanƙwaruwa. Binciken baya-bayan nan ya nuna bai bushe ƙayau ba. Amma fa bai zama ɗanye ba, kuma a tsakanin nan 'yan kasuwa suke cin abinci.

Abin da za ka fara biya ba magani ba ne, gwaji ne. Ba na mai shagon tabarau da ke sa maka gilashi ɗaya bayan ɗaya yana cewa "wannan ko wancan" ba. Je inda za a ɗiga maka maganin buɗe ƙwayar ido, a leƙa bayan idon, a auna ƙarfin ruwansa. Dalili kuwa, raggon ido tun yarinta ake tashi da shi, ba ya faɗo wa mutum da rana tsaka. In a bara kana gani da idon, bana ya dusashe, to wani abu ne daban: yanar ido, ko gilakoma (hawan jinin ido), ko ɓarnar ciwon suga, kuma waɗannan ba sa jira. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa duk suna irin wannan gwajin. Ka roƙi a rubuta maka lambar kowane ido a takarda. Da wannan lambar za ka auna duk wanda ya zo yana maka alkawari.

Sai tabarau. Shi ne mafi araha, shi ne kuma mutane suke rainawa, har da ni. Ranar da na karɓi nawa, gilashin hagu ya fi na dama kauri nesa ba kusa ba, ƙasa ta riƙa karkacewa a gabana, na kusa tuntuɓe da bakin kwata a ƙofar shagon. Kwana huɗu na jefa shi a aljihun mota. Da na koma, likitar ta ce, "Ka ba shi wata uku zuwa huɗu, daga tashinka barci har kwanciyarka, kafin mu yi wata magana." Hikimar ita ce, idon da bai taɓa aika wa ƙwaƙwalwa hoto garau ba, ba a sanin iyakarsa sai ya jima yana aikawa. A yara an tabbatar tabarau kaɗai yana ƙara gani a cikin 'yan watanni, wasu ma ya ishe su. A manya ma an ga ƙari a wurin wasu, ko da bai kai na yara ba. Ni ya kai ni 6/24. In bambancin idanun ya yi yawa har tabarau yana sa ka jiri, akwai ƙaramin gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, ya fi daidaita girman hoton. Sai dai ƙurar hunturu da rashin ruwa mai tsabta abokan gabarsa ne, wanda ba zai iya wanke hannu da sabulu kullum kafin ya taɓa shi ba, gara ya haƙura.

Rufe ido mai lafiya da filasta shi ne tsohon magani, ɗaruruwan shekaru ana yi. Kuɗinsa kaɗan, wahalarsa da yawa. Wata ƙungiyar likitocin idon yara a Amurka, PEDIG, ta gano a 2003 cewa ga matsakaicin rauni, awa biyu a rana tana yin aikin awa shida. A 2005 suka gwada yara 507 masu shekara 7 zuwa 17. A 'yan 7 zuwa 12, wajen rabi sun samu ƙari. A 'yan 13 zuwa 17 kuwa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne, sai dai waɗanda ba a taɓa yi musu magani ba sun kusa kai rabi. Wannan ya ba ni ƙarfin gwiwa, tunda ni ma ba a taɓa yi mini ba, amma ka lura, babu ɗan shekara talatin ko ɗaya a cikinsu. Na yi wata biyar ina rufewa awa biyu bayan isha'i, ina karanta jarida da idon hagu, yara suna leƙowa suna dariya wai Baba ya zama ɗan fashin teku. Kada ka kuskura ka hau babur ko ka tuƙa mota da idon a rufe. Akwai kuma maganin ɗigawa, atirofin, mai dusashe ido mai lafiyar a madadin filasta. A yara an ga yana aiki kamar rufewa. Ga magidanci mai neman abinci, dusashewar tana ɗaukar kwanaki, hasken rana kuma ya dame ka. Ban ga ribarsa gare mu ba, kuma ba maganin da za ka saya a kemis da kanka ba ne.

Yanzu ga inda kuɗi suke tafiya: manhajojin motsa ido. Iri biyu ne. Na farko, kana rufe ido mai lafiya, kana duban wasu zane-zane masu dishi-dishi a fuskar kwamfuta kana zaɓar wanda ka gani, ana ƙara musu wuya a hankali. RevitalVision irin wannan ce, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita ga 'yan shekara tara zuwa sama, zama wajen arba'in, kowanne kamar rabin awa. Na biyu, ana ba kowane ido hoto daban, a rage hasken na mai ƙarfi don a tilasta wa ƙwaƙwalwa ta haɗa su. A 2013 Robert Hess na jami'ar McGill da ke Kanada ya gwada wannan da wasan Tetris a kan manya 18, sakamakon ya yi kyau, jaridu suka ɗauka. Kafin nan, a 2011, masu bincike a jami'ar Berkeley da ke Amurka sun sa manya 20 wasan bidiyo na awa arba'in da raggon idon, suka samu ƙarin layi ɗaya zuwa biyu. Waɗannan ne masu talla suke kaɗa maka a fuska. Wanda ba sa ambata shi ne gwajin da aka buga a 2018, mutum 115 yara da manya, rabi aka ba su wasan gaske, rabi na bogi, suna yi a gida. Bayan mako shida, ba a ga bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu ba. Mutane da yawa ma ba su cika awannin da aka ɗora musu ba, wasan ya gundure su. Luminopia da CureSight kuwa, wasu na'urorin motsa ido da za ka ga ana yayatawa, a 2021 da 2022 aka amince da su a Amurka, kuma don yara aka yi.

Ni na biya wata manhaja kuɗin wata uku, da dala, a lokacin da naira take ta faɗuwa. Aka aiko mini da tabarau mai ja da shuɗi. Mako biyun farko na yi da himma, sai wuta ta fara halinta, data ta ƙare, zumuɗi ya kwanta. Manhajar kullum tana taya ni murna wai makina ya hau. Da na koma gaban allon asibiti, layin da nake a kai, a nan nake. Ashe ƙwarewa na yi a wasan. Ba na cewa duk ƙarya ne, amma makin cikin manhaja ba gani ba ne. Kafin ka tura kuɗi, tambayi mai sayarwa abu uku: wa zai gwada idona a allo kafin da bayan, gwajin da kuke kafa hujja da shi a kan 'yan shekara nawa aka yi, kuma in na daina, ƙarin zai zauna? Wanda ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Wani kashedi ga masu harara-garke. Ƙwaƙwalwarka ta kashe hoton ido ɗaya ne don kada ka riƙa ganin abu bibbiyu. In ka dage da motsa idon kai kaɗai a ɗaki har ka farkar da shi alhali bai miƙe ba, za ka iya wayar gari kana ganin mutum ɗaya ya zama biyu, kuma wani lokaci abin ba ya komawa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya sa ka nemi likita ya riƙa bibiyarka. Za ka ji labarin Susan Barry, malamar jami'a a Amurka da ta fara ganin zurfin abubuwa tana da shekara 48. Gaskiya ne, amma ƙwararriya ce ta yi ta bin ta wata da watanni, ba manhajar waya ba.

Tiyata tana miƙar da karkataccen ido, kuma babba ma ana yi masa. Wanda kallon mutane ya dame shi, wannan dalili ne isasshe, kada kowa ya ce maka ƙawa ce kawai. Amma ba ta ƙara layi a allo. Aikin leza kuma gurbin tabarau yake mayewa, ba ya taɓa ƙwaƙwalwa. Tabarau mai ƙananan huji, ruwan ganye, ƙwayoyin "ƙarfin ido" da ake tallarsu a Facebook, ba ruwansu da wannan matsalar. Kwalli ma haka, wani ma da dalma a cikinsa.

Akwai saye guda da ban taɓa nadamarsa ba. Wani bincike a birnin Rotterdam na ƙasar Holland ya nuna mai raggon ido ya kusa ninka sauran mutane haɗarin rasa gani mai kyau a duka idanun a tsawon rayuwa, don ba shi da na ajiya. In kai mai walda ne, ko kafinta, ko ɗan acaba, ko kana sassaƙa, ka ce a yanka maka tabarau da roba mai ƙarfi da ake kira folikabonet, wadda ba ta tarwatsewa in tsakuwa ta doke ta. Bambancin kuɗin bai kai na wata ɗaya a manhajar da na biya ba.

Yau idona na hagu yana 6/18, layi biyu sama da inda na fara, kuma kusan duka daga tabarau da filasta suka zo. Ba zan iya karanta saƙon waya da shi shi kaɗai ba sai na matso da ita. Yarana uku na kwasa na kai su asibitin da aka gwada ni. Biyu lafiya lau. Ta tsakiyar, mai shekara biyar, aka samu idonta na dama yana baya. Wata huɗu da tabarau da awa biyu na filasta, ta karanta layin da ni har yanzu ban kai ba.