GARGAƊI: mai sayar da wuƙar Laguiole ta jabu ya cinye min dubu 240

Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Naira dubu 240. Dubu 240 nake faɗa, a wannan marrar, a kan wuƙar da ko albasa ba ta yankawa da kyau. Kuma tun kafin wani ya zo yana min wa'azin "ai da ka bincika", na bincika, ku tsaya ku ji.

Mutumin a Instagram yake talla, wuƙaƙe ƙirar hannu masu naɗewa, yana cewa ɗan uwansa ne ke turo masa daga Faransa. Wadda ta ɗauki hankalina irin ta Laguiole ce, wuƙar makiyayan kudancin Faransa, siririya mai ɗan lanƙwasa, da ɗan ƙudan zuma na ƙarfe a bayanta. Surukina nake so in kai wa, dattijo ne mai son irin waɗannan kayan. Na san yawancin na kirkin a garin Thiers ake ƙera su ko a ƙauyen Laguiole ɗin kansa, na kuma san kowa na iya buga sunan a jikin wuƙa, China da Pakistan suna turo su katan-katan, shi ya sa na ce sai mun yi bidiyo kol na gani da idona.

To bidiyo kol ɗin nan shi ne yake ta dawo min. Ya ɗauko ta ya buɗe, na ji ƙarar sifirin ɗin, ƙas, ya juya min bayanta na ga zanen da aka yi da magagari tun daga ƙudan zuman har ƙasa, kuma ƙudan a jikin sifirin aka ƙera shi, ba walda ba ce. Ya nuna min ƙotar, ƙaho ne mai ruwan zuma da baƙi, da 'yan ƙusoshin nan da ake jerawa kamar gicciye. Ruwan wuƙar Damaskas ne, wato ƙarfe mai zane kamar igiyar ruwa, zanen ya ratsa har gadon bayan. Ya matso da kuben kusa da kyamara na ga ɗinkin hannu. Sai ya ce "Alhaji, na rantse da Allah in ba wannan ce ta zo hannunka ba kuɗinka na nan." Da Allah ya rantse min fa. Wa zai ga wannan ya ce jabu ce? Wuƙar da ya nuna min orijina ce, har gobe ina kan bakana, idona bai yi min ƙarya ba, kawai dai ba ita ya sako ba.

Dubu 150 na fara turawa. A'a, kafin nan ma sai da ya turo min hoton katin shaidarsa da wata takarda da Faransanci wai satifiket ɗin maƙerin, duk suna wayata, zan sa sikirinshot. Daga baya ya kira wai kwastan sun riƙe kaya sai an cika dubu 90, ni kuma da na riga na zuba 150 ya zan yi? Sai yanzu nake tambayar kaina wane kwastan, wuƙar da na gani a hannunsa? Amma a lokacin ya ce wai kuben da ya nuna na samfur ne, nawa yana hanya. 150 da 90, 240 kenan, ban da kuɗin direban da ya kawo ta tasha.

Tun a tasha da na buɗe kwalin na ji ba ta da nauyi. Na kai wa wani maƙeri da muke mutunci, ya ɗan goga sanfefa a gefen ruwan wuƙar, zanen Damaskas ɗin ya goge tas, farin ƙarfe ne kawai a ƙasa. Ya ce Alhaji Damaskas na gaske ƙarfe iri biyu ake ninkawa a daka a wuta, zanen a cikin jikinsa yake, ko ka goge in an tsoma shi a asid zai sake fitowa, wannan kuwa a sama aka buga shi. Ya zafafa allura ya ɗora a ƙotar, ƙaho ƙaurin gashi yake yi, wannan narkewa ta yi tana warin roba. Ƙudan zuman ma liƙa shi aka yi, yana sa farce ya fara motsi. In ka rufe ta kaifin sai ya daki sifirin, har ya yi giɓi.

Kuben kuma, a Kano fa, garin majema da dukawa, a nan za a kawo min fatar roba. Wani baduku a kasuwar Kurmi ko shinshinawa bai gama ba ya fara dariya, ya ɓamɓare gefen, yadi ne a ciki an shafa gam, ɗinkin ma na ado ne aka matsa da inji. Ya ce da dubu kaɗan zai ɗinka min na fatar akuya da ya fi shi. A gaban yaran shagonsa ya faɗa. Kuma na riga na gaya wa maiɗakina ta gaya wa babanta cewa tsarabarsa na hanya, jiya ma ya tambaya.

Na kira mai sayar da wuƙar, farko ya ce kuskure aka yi wurin sa kaya a kwali zai canza, sai ya koma ba ya ɗagawa, yanzu ya yi bulokin ɗina a ko'ina ya canza sunan shafin, hotunan dai su ne. Na kai ƙorafi banki, sun ce in kawo takardar 'yan sanda, ina kai.

Kar wanda ya tura kuɗi sai wuƙa ta zo hannunsa, ku duba gadon bayan ruwan ko zanen ya ratsa, ku shinshina kuben. In ya ce kwastan ku kashe waya. Anjima zan ɗora alat ɗin banki guda biyun da muryarsa inda yake rantsuwa, dubu 240 ɗina ban yafe ba.