Madubin hangen taurari mai faɗin milimita 130: gwaji a kan galaksin M77 daga Unguwar Dosa

Tun ƙarshen damina na sayi wannan madubi, amma na ƙi cewa komai a kansa sai da na gwada shi a kan abu mai wuya, domin wata da Kaza da 'Ya'yanta kowane madubi yana nuna su. Na zaɓi galaksin M77 (galaksi shi ne babban taron biliyoyin taurari), wanda Bafaranshe Pierre Méchain ya gano a 1780 a rukunin taurarin Cetus. Haskensa yakan shafe shekara kusan miliyan 47 kafin ya iso gare mu, kuma a ƙarshen Nuwamba yakan zo kusan tsakar ka a Kaduna wajen ƙarfe 11 na dare.

Dare uku na yi a saman bene ban ga komai ba, saboda hazo da fitilun maƙwabta. A dare na huɗu hazon ya lafa, aka kuma ɗauke wuta, abin da ban taɓa yi wa murna ba sai ranar. Na kama tauraron Delta Ceti da gilashin ido na milimita 25, na ɗan karkata gabas, sai ga wani ɗigo dishi-dishi. Da na sauya zuwa na milimita 10, wanda ke ƙara girma sau 65, sai tsakiyar ta fito fes kamar tauraro, da wani farin haske kewaye da ita kamar an yagi auduga. Wannan tsakiyar ce ta sa masana ke damuwa da M77. A can akwai baƙin rami, wato wuri mai ƙarfin jan da ko haske ba ya iya kuɓuce masa, wanda ya ninka rana nauyi sau miliyoyi, kuma iskar gas da yake zuƙa tana yin zafi matuƙa har ta haskaka cibiyar. M77 yana cikin galaksin da Carl Seyfert ya yi bayaninsu a 1943, waɗanda ake kira da sunansa har yau.

Hoton da ke jikin kwalin madubin, mai nuna galaksi da hannuwansa na taurari masu murɗewa kala-kala, bai kamata ya ruɗi mai saye ba. Hannuwan M77 ba su fito ba ko kaɗan, balle sandar taurarin da ta ratsa tsakiyarsa, wadda ko manyan na'urori sun fi ganinta da hasken infurared, wanda idon mutum ba ya gani.

Babban aibin madubin shi ne ƙafafunsa, waɗanda ke rawa da zarar an taɓa maɓallin saiti, sai da na rataya musu galan ɗin ruwa kafin suka natsu. Bakinsa kuma a buɗe yake, don haka a lokacin hunturu dole ne a rufe shi da zarar an gama, in ba haka ba ƙura ta kwanta a kan madubin. Duk da haka gilasansa sun biya kuɗinsu, kuma ina ba da shawarar sayensa ga wanda ke da haƙurin jiran sama ta washe.