Ɗakunan kwana na hanyar Marangu a Kilimanjaro, yadda na same su

Ni dai abin da ya sa na zaɓi Marangu shi ne ita kaɗai ce hanyar da ake kwana a ɗaki in za a hau dutsen Kilimanjaro da ke Tanzaniya, sauran duk tanti ne, kuma ni da sanyi ba ma ga maciji, ko Jos na je sai na jibga riga uku.

Zango uku ne. Mandara ce ta farko, a tsayin wajen mita 2,700, cikin kurmi, ɗakunan katako masu tsinin rufi kamar an jingina alluna biyu, gado mai hawa biyu da katifa da wutar sola. Ba laifi, kwana ɗaya ne ka wuce.

Horombo ce ta fi kwanta min a rai wallahi. Mita 3,720, ka fito da asuba ka ga gajimare shimfiɗe a ƙasanka kamar an baza auduga. Masu ɗaukar kaya su kawo maka ruwan ɗumi a 'yar roba wai na wanke fuska, ni kuwa da shi nake alwala, don na famfo in ya taɓa ka sai ka ji yatsun kamar ba naka ba. A nan muka ƙara kwana don jiki ya saba da ƙarancin iska, muka taka zuwa wasu duwatsu da ake kira Zebra Rocks muka dawo, jagoranmu sai "pole pole" yake ta faɗa, wato sannu sannu da Suwahili. Don Allah kar ka ji ƙyashin kuɗin wannan kwanan, shi ya kai ni sama.

Kibo kuma wajen mita 4,700 take, ba ruwa a wurin sai wanda aka ɗauko daga ƙasa, taimama na yi. Barci babu shi, ga ciwon kai ga wani bature na ta zuba minshari, kafin ka ankara sha biyun dare ta yi an tashe ku zuwa Uhuru, ƙololuwar dutsen, mita 5,895.

Ɗakunan fa iska kawai suke tarewa, ba abin ɗumama ɗaki. Jakar barcin da na yi haya a wani shago a garin Moshi da ke gindin dutsen zif ɗinta ya ɓalle tun daren farko, da rawanina na riƙa ɗaure ta har muka sauko.