Kayan gashin da ba zan iya rabuwa da su ba

Duk wadda ta tambaye ni me za ta fara saya in tana son fara gashin kek da burodi a gida, amsata ɗaya ce kullum, sikeli. Sai ki ga an yi shiru, don jira ake in ce miksa ko wani obin mai tsada. A'a 'yar uwa, sikeli, ɗan ƙaramin nan mai batir da yake auna giram. Na ɗau shekaru ina awo da kofi, yau kek ya fito da laushi gobe ya fito a bushe kamar ba ni na yi ba, alhali komai iri ɗaya na zuba, ashe matsalar a kofin take. In kika dumbuza kofi cikin fulawa sai ta danne, in kuma da cokali kika cika shi sai ta zauna sakwa-sakwa, to kofi ɗaya zai iya zama giram 120 yau, gobe ya kai 150, kin ga a kek mai kofi uku kin ƙara giram 90 na fulawa ba ki ma sani ba. Kuma kofin ma ai ba ɗaya ba ne a duniya, na Amurka wajen mililita 240 ne, na Ostiraliya 250. Shi kuwa giram giram ne ko ina. Ki nemi mai maɓallin nan da ke mayar da awo sifili, ki ɗora kwano ki danna, ki zuba fulawa ki danna, ki zuba suga, duk a kwano ɗaya, har wanke-wanke ma ya ragu miki.

Bayan shi sai ma'aunin zafi na cikin obin, wanda ake ratayawa a jikin raga. Wallahi wannan abu ya buɗe min ido. Ina murɗa obin ɗina zuwa 180, ashe cikinsa yana haura 200, shi ya sa saman kek yake tsagewa ya yi duhu tun cikin bai gama ba. Lambar da ke jikin makunnin obin ba lallai ita ce zafin da ke ciki ba, musamman in ya kwana biyu. Tunda na rataya ma'aunin nan na daina kame-kame, ina jira sai allurar ta tsaya inda nake so kafin in saka komai. Af, in kin ga an rubuta 350 a girkin Amurkawa Faranhait suke nufi, daidai yake da wajen 180 a Salshiyos.

Yanzu gwangwani, nan ne nake da magana da yawa. Wanda na fi so shi ne na alminiyon mai kauri, fari haka ba fenti ba komai. Alminiyon yana ɗaukar zafi da sauri kuma yana raba shi daidai, sai gefe da tsakiya su gasu kusan tare, launin ya fito ruwan zuma mai kyau. Baƙaƙen gwangwanaye kuwa suna zuƙar zafi fiye da kima, ƙasan kek da gefensa su yi duhu da wuri, in shi kike da shi ba sai kin yar ba, ki rage wuta da kamar digiri 10 zuwa 15 ki riƙa leƙawa da wuri. Masu santsin nan da ba sa kamawa suna da daɗin aiki da farko amma da zarar wuƙa ta karce su shi kenan, kuma ba a son zafinsu ya wuce digiri 260. Ni dai na fi yarda da farin alminiyon in shimfiɗa masa takardar gashi.

Kwanon gilashi irin su Pyrex, wanda kamfanin Corning ya fara fitarwa tun 1915, ina son shi amma ba don kek ba. Gilashi yana jinkirin ɗaukar zafi, in ya ɗauka kuma baya saki da wuri, don haka gefe sai ya ci gaba da gasuwa ko bayan kin fitar. Ya fi dacewa da abin da za a kai tebur da zafinsa, ga shi kina hango ƙasan ki ga ko ya yi. Sai dai don Allah kar ki ɗora shi da zafinsa kan jiƙaƙƙen wuri ko sanyin tayil, fashewa yake yi, ki sa masa busasshen tawul. Na silikon kuma, wato mai kama da roba mai laushi da ke jure zafi, na saya da ɗoki, gaskiya bai burge ni ba, baya ba da launin nan mai kyau a gefe, ga shi laƙwas sai kin ɗora shi kan tire kafin ki ɗauka. Na bar shi ga ƙananan abubuwa.

Wani abu da ba a cika faɗa wa masu koyo ba shi ne girman gwangwani. Mai faɗin santimita 20 da mai 23 a ido kamar ɗaya ne, amma na 23 ɗin ya fi fili da kusan kashi ɗaya bisa uku, to in kika zuba kwaɓin da aka auna don ƙaramin a cikin babban sai kek ya fito falalan ya bushe, in kika yi akasin haka kuma ya tumbatsa ya zube ko tsakiya ta ƙi gasuwa. Ki sayi biyu masu girma ɗaya, masu miƙaƙƙen gefe, da dogo ɗaya na burodi, da tire mai kauri wanda ba zai banƙare ba in ya ji wuta, sun ishe ki na tsawon lokaci. In kina son na kwalliya, gwangwanin Bundt mai rami a tsakiya na kamfanin Nordic Ware da suka ƙirƙiro a 1950 ba shi da na biyu a wurina, nauyinsa kaɗai zai gaya miki, ramin kuma yana kai zafi tsakiyar kwaɓi mai nauyi. Amma fa sai kin bi duk lungu da saƙonsa da bota kin barbaɗa fulawa, in ba haka ba rabin kek ɗin a ciki zai tsaya.

Miksa fa? Ta hannu ta ishi kek da biskit da buga kirim, shekaru na yi da ita. Babbar ta tebur irin KitchenAid, da ta fara fitowa a 1919, ko Kenwood Chef ta 1950, kayan ƙwarai ne ba musu, amma amfaninsu ya fi fitowa a kwaɓin burodi mai tauri da ke buƙatar doguwar murza, wanda ke sa injin ƙaramar ya yi zafi. In ba burodi kike yi duk mako ba ki jira tukuna, babu wata miksa da za ta gyara awon da ya karkace ko obin da ya wuce kima.

Sauran ƙanana ne amma kullum suna hannuna, rariya don tankaɗe fulawa, maburgin waya, cokalin silikon mai faɗi na kalace kwano, da ragar ƙarfe ta shan iska, don in kika bar kek ya huce gaba ɗaya a gwangwani gumi yake yi ƙasan ya jiƙe. Takardar gashi kuma ki duba da kyau lokacin saya, akwai mai kama da ita da aka shafa wa kaki, ita wannan narkewa take yi ta yi hayaƙi a obin. Gwangwanayen alminiyon ɗina da hannu nake wanke su da ruwan ɗumi da soso mai laushi in goge su nan take, don sabulun injin wanke kwanuka yana dusashe su ya bar musu toka-toka.