Wace manhajar imel ce ta dace da wayarka?

Kafin ka sauke wata manhajar imel, ka sani wuri biyu ne ke cika: memorin wayarka daban, ma'ajiyar asusunka da ke intanet daban. Mutum zai ga saƙon banki ko na makaranta ya daina shigowa, ya kama goge manhajoji a waya, alhali asusun ne ya cika maƙil. Idan ya cika kuwa, saƙon da aka turo maka komawa yake yi ga mai shi.

Gmail ita ce ke zuwa a yawancin wayoyin Android, su Tecno da Infinix da Itel. Google na ba ka GB 15 kyauta, amma ba na imel kaɗai ba ne, tare ake rabawa da Google Drive da Google Photos. Tun watan Yunin 2021 hotunan da kake ɗorawa suna cin wannan rabon, daga 2024 kuma kwafin WhatsApp da wayar Android ke adanawa shi ma ya shigo lissafi. A nan ne mutanenmu suka fi shiga matsala. Bidiyon biki da na suna da karatun malamai da ake turowa a zaurukan WhatsApp dare da rana su ne ke cinye wurin, imel ɗin kansa ɗan kaɗan yake ɗauka.

Outlook ta Microsoft tana ba da GB 15 na saƙonni da GB 5 na OneDrive, ma'ajiyar fayilolinta ta intanet, sai dai fayilolin da ke maƙale da saƙo ana lissafa su a cikin GB 5 ɗin. Ta dace da ma'aikacin ofis mai yawan taruka, don kalandarta na cikinta. Yahoo ta daɗe tana ba da TB 1, wato kusan GB 1,000, a 2025 ta rage shi zuwa GB 20, don haka mai tsohon asusu ya leƙa. Proton Mail, daga ƙasar Suwizalan, sirri ta sa a gaba, amma na kyautarta bai wuce GB 1 ba. Lauya ko ɗan jarida zai amfana da ita. Thunderbird kuwa ba ta ba ka adireshi ko ma'ajiya, asusun da kake da su take haɗa maka, ba talla.

A ganina, mai waya mai GB 32 ya zauna da Gmail. Tana karɓar asusun Yahoo da na Outlook a cikinta, babu dalilin tara manhajoji uku suna shan batir da data.

Idan asusun Google ya cika, gyaran ba wuya. Rubuta larger:10M a wurin bincike na Gmail, duk saƙonnin da suka haura MB 10 za su fito, ka zaɓi na gogewa. Ka tuna ka zubar da kwandon shara da kanka, in ba haka ba sai bayan kwana 30 wurin zai dawo. A saitin WhatsApp cire bidiyo daga abin da ake adanawa a Drive. Don sauƙaƙa wa memorin waya, rage kwanakin saƙonnin da Gmail ke riƙewa daga 30 zuwa 7, sauran suna nan a asusunka.

Sayen ƙarin wuri a Google One, wanda ke da tsarin GB 100, a bar shi sai daga baya, don kuɗi ne da za ka riƙa biya duk wata ko duk shekara. Idan kuma kana da asusu na biyu da ka ajiye takardun makaranta a ciki, ka riƙa shiga lokaci-lokaci, domin Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.