Wata takwas ina aiki da na'urar duba shekaru

Aikin dare nake yi a kantin wani gidan mai a jihar Ohio ta Amurka, kuma cikin kayan da muke sayarwa har da giya da taba. Ni ba na sha, wannan ɓangaren aikin ma bai taɓa kwanta mini a rai ba, amma tunda ni ke tsaye bakin kanta, alhakin duk wanda na miƙa wa kwalba a wuyana yake. Wata takwas ke nan da mai kantin ya sayo mana na'urar duba katin shaida, 'yan uwa masu irin sana'ata kuma sun dame ni da tambayar ko ta ci kuɗinta.

Ta ci. Ba ta fi tafin hannu ba. Ka juya lasisin tuƙi, ka haska mata baƙaƙen ɗigogin da ke bayansa, kafin ƙiftawar ido ta fito da shekarun mai shi. Kore, ya kai 21, shekarun da doka ta yarda a sayar wa mutum giya. Ja, bai kai ba, ko wa'adin katin ya ƙare. A da da ka nake lissafi, ƙarfe biyun dare, ido na yaji, mutane sun yi layi. Ga shi 'yan sanda kan turo yaran da ba su kai ba don su gwada mu, in ka sayar a ci ka tara, kantin ma yana iya rasa lasisinsa. Taba ma tun 2019 aka mayar da ita 21, don haka na'ura ɗaya ta wadatar.

Wani dare wani saurayi ya shigo da aski irin na soja, ya ajiye gwangwani shida. Tun kafin in haska na gane, domin lasisin wanda bai kai 21 ba a tsaye ake buga shi. Allo ya yi ja, shekara 20. Ya ce, "Yallaɓai, gwamnati ta ba ni bindiga, na kaɗa ƙuri'a, amma giya ce ta fi ƙarfina?" Na ce, "Ka yi haƙuri ƙanena," na juya masa allon. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da gwangwanayen ya ɗauki lemo. Da bakina kawai na hana shi, da mun kai asuba muna musu.

Maganarsa ta tsaya mini, don ba shirme ya faɗa ba. Amurka ta taɓa bin ra'ayinsa. Da aka rage shekarun zaɓe zuwa 18 a 1971, jihohi da yawa suka rage na shan giya, haɗarin mota ya ƙaru tsakanin matasa. Yara kan tsallaka zuwa jihar da ta sassauta, su sha su tuƙo gida. A 1980 wani direba da ya bugu ya kashe 'yar Candy Lightner mai shekara 13, ita kuma ta kafa MADD, ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye. A 1984 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta ce jihar da ta ƙi mayar da shekarun 21 za a zabtare mata kashi 10 cikin 100 na kuɗin tituna. Dakota ta Kudu ta kai ƙara Kotun Ƙoli, ta sha kaye a 1987.

Har yau ba a daina jayayya ba. A 2008 John McCardell, tsohon shugaban Kwalejin Middlebury, ya tara shugabannin jami'o'i sama da 100 suka nemi a sake duba dokar, suna cewa ita ke tura ɗalibai su ɓuya a ɗaki su yi ta kwankwaɗa ba mai ganinsu. Ana kuma yawan kawo Jamus, inda ɗan shekara 16 ke sayen giya. To amma ɗan Jamus ba ya tuƙi shi kaɗai sai ya kai 18, ga jiragen ƙasa ko'ina. Ni kuwa duk wanda ya zo sayen giya wurina, makullin mota na hannunsa, injin ma wani lokaci ba a kashe ba. Wannan kaɗai ya sa ba na goyon bayan a rage ko shekara ɗaya.

Inda na'urar ta gaza, ba ta kallon fuska. Wata yarinya ta taɓa miƙo mini katin yayarta, allo ya yi kore tas, sai da na lura tsawon da aka rubuta ya ɗara nata sosai. Jabun kati mai kyau ma yakan wuce ta. Fasfo na ƙasar waje ba ta karanta shi, katin da ya goge a aljihu kuma sai ka haska sau uku ko huɗu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mun tarar tana ajiye suna da adireshin duk wanda aka haska, sai da na matsa wa mai kantin ya kashe wannan.

In mai kantinku zai saya, ya haɗa da 'yar tocilan mai shuɗin haske da ke fito da ɓoyayyen tambarin kati. Tawa tana cikin aljihun rigata kowane dare.