Idan xdotool ya ƙi motsa linzami: wanne za ka ɗauka?

Ka buga `xdotool mousemove 500 300` (xdotool manhajar Linux ce da ke motsa linzami da buga kibod ta hanyar umarni), babu saƙon kuskure, amma kibiyar linzami ko gezau. Kafin ka sauke wani abu, buga `echo $XDG_SESSION_TYPE`. In ya amsa wayland, to ga tushen matsalar. An gina xdotool ne a kan X11, tsohon tsarin nuna tagogi a allo, yana aika umarni ta wani sashensa mai suna XTEST, shi kuwa Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbinsa, da gangan ya hana wata manhaja juya linzamin dukan allo. Fedora ta koma Wayland tun 2016, Ubuntu kuma daga 21.04. In kuwa ya amsa x11, yawanci ta cron (mai gudanar da umarni a kan lokaci) ko SSH (shiga kwamfuta daga nesa) ake kiran umarnin, sai ka sa `DISPLAY=:0` a gabansa.

Hanya mafi sauƙi ita ce komawa X11 ka ci gaba da xdotool ɗinka. A allon shiga na Ubuntu 22.04 da 24.04, danna alamar saiti mai kamar giyar inji ka zaɓi Ubuntu on Xorg, wato X11. Ga wanda rubutun umarninsa (script) ke neman taga da sunanta, kamar `xdotool search --name`, wannan ce ta fi, don madadinsa, ydotool da dotool, ba su san taga ba sam. Sai dai Ubuntu 25.10 ta cire wannan zaɓi a GNOME, tebur ɗin da take zuwa da shi. Linux Mint da XFCE har yanzu a kan X11 suke.

Wanda aka fi komawa gare shi shi ne ydotool, kuma shi ne ya fi ba mutane wahala. Yana bi ta `/dev/uinput`, ya ƙirƙiri linzamin bogi a cikin kernel, saboda haka ba ruwansa da ko Wayland ne ko X11. Daga sigar 1.0 dole ydotoold, manhajar da ke karɓar umarninsa, ya kasance yana gudana a baya. In ka tayar da shi da sudo, sannan ka kira ydotool da asusunka, sau da yawa ba za su haɗu a soket ɗaya (fayil ɗin da suke magana ta cikinsa) ba, ko izini ya hana, sai ka daidaita `YDOTOOL_SOCKET`. A kula kuma, wanda ke ma'ajiyar Ubuntu 22.04 tsohon 0.1.8 ne, umarninsa ya bambanta da na sabon.

Babban aibin ydotool yana wajen `--absolute`, zaɓin kai kibiya takamaiman wuri. Yakan jefa kibiyar kusurwar sama ta hagu, sannan ya tura ta iya adadin da ka ce. In tsarin yana ƙara wa linzami gudu, sai ta zarce inda kake so. A GNOME maganin shi ne `gsettings set org.gnome.desktop.peripherals.mouse accel-profile flat`. Ko bayan haka, gwada wuri biyu ko uku kafin ka bar shi yana danne-danne shi kaɗai.

Ga aikin kai kibiya wani takamaiman wuri, na fi son dotool. Shi ma uinput yake bi, amma `echo mouseto 0.5 0.5 | dotool` zai kai ta tsakiyar allo, don awonsa daga 0 zuwa 1 ne, ba ƙidayar ɗigon allo ba. Rubutu ɗaya zai yi a ƙaramin allo da babba. Wahalarsa, ba kowace ma'ajiya ke da shi ba, mai yiwuwa sai ka haɗa shi da kanka da harshen Go.

ydotool da dotool duka suna buƙatar izinin rubutu a uinput, yawanci ta dokar udev (mai kula da na'urori a Linux) da shigar da asusunka rukunin `input`, sannan ka fita ka sake shiga. Ka sani wannan rukuni yana iya karanta duk abin da ake bugawa a kibod, har da kalmar sirri, don haka a kwamfutar da ake tarayya a kanta ka yi tunani tukuna.

Masu Sway, wani mai sarrafa tagogi na Wayland, na da wlrctl, wanda ba ya neman wannan izini, amma ba ya aiki a GNOME. Shi kuwa wtype kar ka ɓata lokaci a kansa, kibod kawai yake bugawa.